Mama Perpetua da Zanen Kakan Ango

Da sassafe, kafin ɗaliban jami'a su fara zirga-zirga da kekunansu a unguwarmu ta Glenwood, a nan ƙasar Turawa, Mama Perpetua ta riga ta ɗage ƙofar garejinta. Garejin nan shi ne shagon. Takan jona dutsen guga, ta ɗora ruwan shayi, ta goge tabarau da bakin zane, sannan ta ja baiti ɗaya na waƙar coci da wata murya da ba ta taɓa hawa daidai ba. Ni maƙwabcinta ne, shingen katako ne kawai tsakaninmu, don haka na daɗe da daina saita agogo. A ƙarshen watan nan za ta rufe garejin. Ido ya gaji, za ta koma wurin 'yarta ta yi renon jikoki. Shi ya sa na ce ba zan bari ta sulale shiru ba, yadda ta saba yin komai nata.

Mu 'yan Najeriya mun san ta da ɗinkin anko da rage tsawon wando, amma wannan rabin aikinta ne. Ɗaya rabin na Turawa ne masu asali da Scotland, waɗanda kakanninsu suka zauna a jihar nan tun da daɗewa. Suna da wata tufa da suke kira kilt. Zane ne na ulu mai layi-layi, namiji ke ɗaura shi daga ƙugu zuwa gwiwa, gabansa a shimfiɗe, bayansa kuwa ninki ne a jere, ɗaya kan ɗaya. Kowane dangi da kalar layinsa, kuma mutum yakan gaji na ubansa. Ranar da na fara ganin wani ƙato mai gemu ya fito daga garejin da shi, ƙwauri a waje, dariya ta ƙwace mini. Mama ta leƙo ta kan shinge ta ce, "Malam, kai da nake gani da ɗaurin zane kana shanya ranar Asabar, wa kake yi wa dariya?" Na haɗiye sauran dariyar.

Ta koyi aikin ne a shagon gyaran tufafi na wata tsohuwar Baturiya, farkon zuwanta daga Kafanchan. Da tsohuwar ta rasu, masu kawo aiki suka biyo Perpetua har gida. Tana da ƙa'ida guda: ba ta sa allura a kilt sai mai shi ya zauna ya gaya mata wanda ya fara ɗaura shi. Na sha ganin manyan mutane daga Irving Park, unguwar masu hali, sun ajiye dalleliyar mota a bakin titinmu, sun takure a kujerar roba suna ba ta labarin kakanninsu. In bazara ta yi, lokacin taron al'adun gargajiyarsu da suke yi a kan duwatsu, sai ka ga zannuwan nan a rataye reras har bakin ƙofa.

Mama, ke ce mai sauraro kafin ɗinki. Ke ce kika riƙe asalin mutanen da ba ki haɗa komai da su ba, kamar naki.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ya faru ne bara. Ƙauna, wata yarinyar cocin su Mama da ta tashi a unguwar Sedgefield, za ta auri wani saurayi mai suna Seth. Kakan Seth, wani tsoho mai dogara sanda da ake kira Gregory, yana da kilt da ya gada daga mahaifinsa. Da shi aka ɗaura auren mahaifin, da shi aka ɗaura nasa, da shi aka ɗaura na ɗansa. Burinsa ɗaya da ya rage shi ne ya ga jikansa ya shiga coci da shi. Ya damƙa wa Seth, Seth ya kai gidan su Ƙauna don ta miƙa wa Mama ta ɗan buɗa ƙugun.

To, a gidan akwai Anti Yemima, ƙanwar mahaifin amarya, wadda ta sauka daga Jos musamman don bikin. Mace ce da ba ta iya ganin aiki ta wuce.

Ina garejin na kawo gyaran riga sai ga Ƙauna ta faɗo kamar an koro ta, Anti Yemima na biye da ita rungume da leda.

"Mama, na shiga uku," in ji Ƙauna. "Anti ta wanke kilt ɗin."

"Ta kai dry cleaner?"

"A bahon wanka, Mama. Da ruwan zafi."

Anti Yemima ta matso. "Mama, Allah ya sani taimako na yi niyya. Warin kafur yake yi kamar ƙasan akwati. Ango zai shiga coci da wannan, a ce surukansa ba su da tsabta? Na sa masa sitati kaɗan. Yamutsewar da ke bayansa ma duk na goge ta tas."

Mama ta zaro shi daga leda. Ya tsuke, ya sandare kamar tabarma, babu ninki ko ɗaya, ga kuma shatin ƙuna a gefe inda dutsen guga ya daɗe. Ta cire tabarau, ta sake mayarwa. "Yemima," ta ce a hankali, "yamutsewar nan da kika goge, ai ita ce kayan."

Anti Yemima ta zauna daɓas a ƙasa ta ɗora hannu a ka.

"Mama please, kar Grandpa ya ji," in ji Ƙauna. "Ki gyara a ɓoye. Ko mu yi order wani mai irin kalar, ba zai gane ba."

"Zai gane. Ko da ma ba zai gane ba, ni ba na taɓa kayan mutum a bayan idonsa. Kira Seth ya kawo shi."

"Zai ƙi zuwa wedding ɗin fa!"

"In fushi zai yi, ya zo ya yi shi a nan. Akwai kujera."

Ni kam a raina na ce matar nan za ta rusa biki da hannunta. Na ji tsoro ƙwarai, don na san yadda ƙaramin abu ke zama tabo tsakanin surukai har jikoki.

Washegari Seth ya kawo tsohon. Gregory ya tsaya yana kallon abin da ke kan tebur. Anti Yemima ta zube gwiwa biyu a gabansa tana ba da haƙuri da Hausa, shi kuwa ya ja da baya, bai san me ake yi da mace mai durƙuso ba. Can ya ce da Turanci, "Mahaifina ya haye teku da wannan." Ya juya ya ce Seth ya mai da shi gida.

Mama ta tura masa kujera da ƙafa. Ta ce ba ta yi masa alkawarin komai ba, amma za ta farke ɗinkin duka ta ga abin da ya rage, kuma ba za ta tsinke zare ɗaya ba sai yana kallo. Ta ce, "Ka zauna ka gaya mini wane ne mahaifin nan naka. Ban san shi ba, yaya zan taɓa kayansa?"

Ya zauna, ina jin don ƙafa ta gaji ne, ba don ya huce ba. Ta soma farkewa. Ashe ulu mai yawa ne ke tattare a ƙugun nan. Yadin ya yi ta miƙewa, Seth ya riƙe baki ɗaya, ni na riƙe ɗaya, har na fita waje ina tsaye a kan ciyawa. A wuraren da suka shekara da shekaru a lulluɓe cikin ɗinki, inda rana ba ta taɓa gani ba, kore da shuɗin layukan suna nan shar kamar yau aka saƙa, ba irin koɗaɗɗen da kowa ya sani ba. Tsohon ya miƙa hannu ya shafa. Ya ce, "Ban taɓa ganin wannan kalar ba. Ashe ita uwata ta gani ranar aurensu." Daga nan bakinsa ya buɗe. Ya ba da labarin mahaifinsa kafinta, mai saurin fushi, wanda ba ya rawa sai ya ɗaura zanen nan. Anti Yemima ba ta bin Turancinsa sosai, amma ta lallaɓa ta ajiye masa cincin a gefe, ya kuwa ci.

Kwanakin da suka biyo baya ni shaida ne. Mama ta ɗauraye sitatin da ruwan sanyi, ta shimfiɗa yadin, tana bin sa da jiƙaƙƙen ƙyalle da tururi, tana ja a hankali. Sannan ta sake kafa ninkin da hannu, tana daidaita layi da layi. Idonta ba ya ganin kafar allura, don haka Anti Yemima ce mai zura zare. Gregory kuma kullum sai ya zo, wai ya zo duba aiki, alhali mun san cincin ne. Gefen da ya ƙone ne kawai ya ƙi gyaruwa, wajen faɗin tafin hannu. Mama ta miƙa masa almakashi ta ce shi ya yanke da kansa. Ya yanke, ya sa a aljihu.

Ranar biki mai busa algaitar mutanen Scotland, irin mai jakar iska, ya shigo gaba, zumuntar matan coci suka amsa masa da guɗa, har ya ɗan rikice. Sai ga Seth, zanen kakansa ya zauna masa ɗas, ninkin na kaɗawa a bayansa. Tsoho Gregory yana layin gaba, hawaye na bin gemunsa, bai ko share ba.

A wurin cin abinci Anti Yemima ta maƙale can baya wajen kulolin shinkafa, ba ta son a gan ta. Tsohon ya tashi da sandarsa, ya ratsa zauren har inda take. Ya zaro guntun nan da ya yanke, ya maƙala mata a kafaɗa da fil. Ya ce, Ƙauna na fassarawa, "Mu huɗu muka ɗaura shi, amma ke kaɗai kika taɓa wanke shi. Kin zama 'yar gida." Anti Yemima ta rangaɗa guɗa, ta fashe da kuka, sannan ta ja shi fili. Ranar na ga mai sanda ya taka rawar Jos.

Mama Perpetua, ke ce kika ƙi ɓoye ɓarna, kika zaunar da mai fushi da mai laifi a ɗaki ɗaya har suka ci abu a kwano ɗaya. Mun gode. Masu tasowa a kowace sana'a, ku dubi matar nan: in abu ya lalace a hannunku, ku kira mai shi, ku ba shi kujera. Anti Yemima ta koma Jos, an ce duk Lahadi da guntun nan take zuwa coci, kuma duk wanda ya tambaya sai ta ce masa na danginta ne na Scotland. Allah ya ƙara lafiya, Mama, ya sa ki huta.