Shekara Talatin Bayan Yaya Garba, Wanda Ba a Jira Hankalinsa Ba

Bana shekara talatin ke nan da rasuwar yayana Garba, Allah ya jiƙansa. In ka fita daga Paki ba ka samun wanda ya san sunansa. Ni kuwa har yau ina ganinsa ranar da ya shigo gida da akwatin makaranta a kai.

Ba a daɗe da samun 'yancin kai ba aka kai mu makarantar kwana a Makarfi, yana gabana da aji biyu. In ana lissafi, kafin malam ya ajiye alli Yaya ya faɗi amsa. Da ya kai shekara sha biyar sai ya sauya. Ga barci a aji, ga saurin fushi, ga bin duk abin da abokai suka zuga shi. Wata ranar kasuwa suka ce ba zai iya ɗane motar auduga tana gudu ba. Ya tsallake shinge ya ɗane, motar ba ta tsaya ba sai Kudan. Washegari ya dawo da ƙafa. Saura wata guda a yi jarrabawar shiga sakandare, hedimasta ya kore shi.

Ni a lokacin ina gida ina jinyar zazzaɓi. A zaure Baba ya tsare shi. "Garba, me ya kai ka?"

Ya sunkuyar da kai. "Wallahi, Baba, ban sani ba."

Baba ya ɗauka raini ne, ya ce daga yau sai fartanya.

Kafin ya cika ashirin da biyar babu matashi mai natsuwarsa a unguwarmu. Dattawa ma shi suke kira in an yi rikicin iyakar gona. A lokacin ne ya wanke rigarsa ya tafi ofishin ilimi a Ikara, ya roƙi a bar shi ya zauna jarrabawar. Aka ce ya girma. Ya dawo ya miƙo mini littattafan da ya ɓoye tun ranar korarsa, bai ƙara ɗauko zancen ba har ya koma ga Mahaliccinsa.

Ni na zama malami, daga baya hedimasta, kuma da hannuna na kori irinsa, ban san adadinsu ba. Sai bara jikata Hadiza, mai karatun jinya, ta ji ina ba da labarin. Ta ɗora yatsa a goshinta ta ce, "Kaka, ɓangaren ƙwaƙwalwa da ke nan, mai hana mutum aikin gaggawa, shi ne yake nuna a ƙarshe, sai an haura ashirin. Son burge abokai kuwa tuni ya ƙosa."

Na ce, "Wato hankalin yana tafe?"

Ta ce, "Yana tafe, in an jira shi."

Ranar ban iya cin tuwo ba.

Da Yaya zai leƙo yau, ban ga abin da zai sanyaya masa rai ba. Ilimin da ba mu da shi ya shiga littafi, amma bai shiga aji ba. Malami ɗaya, yara har kan taga, wa zai jira wa? Yanzu ma ba a wahalar korar yaro. Shi yake daina zuwa, babu mai cigiyarsa.

Gonar Yaya an raba ta, ɗakinsa ya rushe. Abin da ya rage shi ne kaifin kansa, wanda na gani ƙarara a jikansa Nura. Bana Nura ya shiga sha shida, ya yi faɗa da wani malami, ya bar zuwa. Na hau mota har Kurmin Kogi wurin ubansa, na zayyana masa duk abin da Hadiza ta faɗa mini, na roƙe shi ya mayar da yaron ya yi haƙuri da shi shekara biyu kacal har ya gama makaranta.

Ya saurare ni da ladabi har na gama. Sannan ya ce, "Baba, Allah ya ƙara girma, amma yaron nan ba shi da kan karatu." Ya rako ni bakin titi, ya tsayar mini da mota.

Nura yana tasha yanzu, yana kiran fasinja.