Ranar Da Na Wuce Surukina A Kwana

Ina da shekara talatin da huɗu, da gemu, da ɗalibai aji biyu masu miƙewa tsaye idan na shiga, lokacin da na je Kano na sayo na'urar gem irin wadda ake jonawa da talabijin. Na ce wa matata saboda yarinya na sayo. Yarinyar a lokacin watanta goma sha ɗaya, ko tafiya ba ta fara ba. Matata ta dubi kwalin, ta dube ni, ta ce Allah ya raya mana ita ta kai lokacin yi.

Gem ɗaya nake yi a ciki, na tseren motoci. In na taso daga makaranta na yi la'asar, sai in shige falon waje, in ja labule, in ɗauki abin riƙewar nan mai maɓallai da ake kira fad, shi ke nan an rasa ni har magariba. Ban taɓa riƙe sitiyarin gaske ba. Abin hawana mashin ne, shi ma in na hango akuya tun daga nesa nake taka birki. Amma a talabijin ba na jin tsoron kowa. Kuma ina da wata ɗabi'a, duk motar da na wuce sai na daka mata tsawa: "Kauce, ɗan koyo!" Matata ta ce har a madafi tana iya lissafa motocin da na wuce.

Mahaifinta kuwa direba ne na gaske. Kusan shekara arba'in yana jan bas ta haya tsakanin Gwaram da Birnin Kudu, wani lokaci har Kano. Daga Fagam zuwa Kwandiko an san shi da abu guda, bai taɓa jefa fasinja a rami ba. Mata masu goyo kan bar mota ta cika ta tashi don su jira tasa. Wata safiya hawan jini ya kayar da shi a tasha, ya taɓa masa ɓarin hagu. Baki ya dawo, ƙafa ta dawo da taimakon sanda, hannun ne ya yi nauyi. A asibiti aka ce sai an riƙa yi masa gashi sau uku a mako, zirga-zirga daga Gwaram kuma za ta wahalar da shi. Aka ce ya zauna a gidanmu, da yake muna kusa da asibitin. Ya ce shi ba zai kwana gidan 'yarsa ba. Matata ce autarsa, ta sa masa kuka har ya sauko, da sharaɗin a falon waje zai zauna. Wato inda gem ɗina yake.

Tun da na auri 'yarsa ban taɓa cin abinci a gabansa ba, ban taɓa zama kan kujera yana wurin ba. In na hango shi sai in tuɓe takalmi in tsuguna. Hirarmu ba ta wuce "An tashi lafiya, Baba?" da "Lafiya lau, Malam." Ƙwayar idonsa ma ban san kalarta ba.

Kwana huɗu na daure. A na biyar matata ta raka shi gashi, na lallaɓa na shiga falon, na rage murya, na ce zagaye ɗaya kawai zan yi. Ban san sun dawo ba. Na karkace jiki gaba ɗaya, harshe a waje, ina fama da wata muguwar kwana, sai na ji murya a bayana.

"Malam, ba haka ake shiga kwana ba. Tun kafin ka iso ake rage wuta."

Na zame daga kujera na tsuguna da fad a hannu, motata ta je ta daki bango. Na fara bayanin cewa gwada na'urar nake saboda yarinya. Bai saurare ni ba. Ya jingine sandarsa ya zauna, idonsa a kan talabijin, ya ce, "Mutum biyu na iya yi?"

Haka muka fara. Allon ya rabu biyu, motarsa a sama, tawa a ƙasa. Shi a kujera, ni a tabarma. Na nuna masa ɗan maɓallin da babban yatsan hagu ke juyawa, shi ne sitiyari, na dama kuma wuta da birki. Kafin ya danna komai sai da ya yi addu'ar hawa mota har ƙarshe, sauran motocin sun daɗe da ɓacewa. Ya tambayi inda ham yake. Ya tambayi madubi. Ya ce wace irin mota ce wannan mai kujera ɗaya, ina ake zuba kaya? Da wata motar ta goge shi ta wuce, sai ya tsaya cak yana jiran direban ya fito su yi magana.

Cikin kwana uku duk wannan ya wuce. Hanya hanya ce, ko ta talabijin, kuma mutumin ya san ta. Ya san inda ake rage wuta da inda ake ƙarawa. Matsala ɗaya ce, yatsan hagun. In kwana ta zo da gaggawa, idonsa ya gani, kansa ya sani, amma yatsan sai ya makara. Motar ta buɗe, ta hau ciyawa, ta bar min hanya fetal.

Ni kuma ba na wucewa. Ta yaya? Mutumin da ba na iya shan ruwa a gabansa, shi zan sha gabansa a guje? Da na ga motata ta matso bayan tasa sai in rage wuta. Wani lokaci in ɗauki motar da gangan in kai wa bango. Na ƙware a tari daidai lokacin da ya kamata. Na ce fad ɗina yana da matsala, ya ce mu yi musanya, muka yi, matsalar ta biyo ni. Kullum shi ne gaba, ni a baya, in ce, "Kai, Baba, ai hannu ya san aikinsa."

Abin da ya fi ba ni kunya yanzu shi ne yadda na riƙa jin daɗin kaina. Har a ofishin malamai na ba da labari, wai ga yadda ake girmama suruki a zamanin na'ura. Na ga mutumin da ya zo gidana ba ya magana ya fara cin tuwo malmala biyu, yana wa jikarsa wasa, yana jirana in dawo daga makaranta. Na ɗauka ni ne likitan da asibiti ba su da shi.

Mako uku muna haka. Ranar wata Juma'a babban ɗansa, yayan matata, ya zo daga Gwaram duba shi. Shi ke jan bas ɗin tun da abin ya faru. Bayan an ci abinci Baba ya ce masa ya gaya wa kamashon tasha ya mayar da sunansa layi, mako mai zuwa zai karɓi makullinsa.

Yayan ya ce, "Baba, ai likita ya ce hannun bai kai ba tukuna."

"Likita ya taɓa ganin tuƙina? Ga wanda ya gani nan." Ya nuna ni da sanda, ina tsugune a bakin ƙofa. "Malam, mako uku muna tsere da kai. Kai ne mai abin, kai ka fi kowa iya shi. Gaya musu, sau nawa ka wuce ni?"

Matata na tsaye da tire a hannu. Yayanta ya zuba min ido. Na dubi tabarma na ce, "Ko sau ɗaya, Baba."

Ba ƙarya na yi ba, wannan ne abin takaicin.

A madafi ta tare ni. Ba ta ɗaga murya ba, da ma ta ɗaga da ya fi min sauƙi. Ta ce, "Mako uku ban ji ka ce ɗan koyo ba, ka ɗauka ban san abin da kake yi ba? Bas ce fa, ba talabijin ba. In zai sa giya da dama, wane hannu ne zai riƙe sitiyari?" Na ce ita ta gaya masa mana, ai mahaifinta ne. Ta ce ta gaya masa, yayanta ya gaya masa, likita ya gaya masa, duk ya ce tausayi ne ke sa su magana. "Kai kaɗai ya yarda da kai, don ya ɗauka na'ura ba ta san suruki ba."

Washegari bayan la'asar na shiga falon kamar mai zuwa karɓar hukunci. Na zaɓi hanyar da ta fi kowacce yawan kwana. Ya yi addu'arsa, yanzu ya iya yin ta da sauri. Aka saki motoci.

A miƙaƙƙiyar hanya ya yi gaba, na bi shi. Kwana ta farko ya sha da ƙyar. A ta biyu yatsan ya makara, motarsa ta buɗe, ga hanya ta ciki a sarari. Yatsana da kansa ya fara rage wuta, don ya saba. Na cije leɓe na danne. Motata ta shige ta gefen tasa, har ta ɗan goge masa ƙofa. Mako uku ina haɗiye abin nan, ban san lokacin da ya fito ba.

"Kauce, ɗan koyo!"

Da ƙarfi na faɗa, har da ɗaga hannu. A tsakar gida na ji kwano ya faɗi. Na ji kamar in naɗe kaina cikin tabarmar a fitar da ni. Mutumin da ya fara tuƙi tun ba a haife ni ba, uban matata, baƙona kuma majinyaci. Na buɗe baki zan ba da haƙuri, ya ce, ba tare da ya kalle ni ba, "Dubi hanyarka."

Na dubi hanyata. Na riga shi isa da tazara mai yawa. Ya ce a sake. Muka sake, na ci. Ya ce a sauya hanya, a kawo wadda ya fi sabawa da ita. Na kawo. Wannan karon ya ba da duk abin da yake da shi, ina jin numfashinsa, ina jin fad ɗin yana ƙara a hannunsa. A kowace kwana abu ɗaya ke faruwa. Har na zagayo na same shi ta baya na sake wuce shi, bakina a rufe.

Tun da na sayi na'urar nan nake mafarkin in ci mutum na gaske, ba motocin cikin talabijin ba. Ga shi na ci sau uku a jere, kuma wanda na ci dattijo ne mai hannu ɗaya da rabi. Ban taɓa jin baƙin cikin nasara irin na ranar ba.

Ya ajiye fad a cinyarsa. Ya kama hannun hagun da na dama, ya buɗe yatsun ya rufe, ya sake buɗewa, yana kallonsu kamar na wani. Ya daɗe a haka.

"Tun yaushe kake ɗaga min ƙafa?"

"Tun ranar farko, Baba."

"Bangon nan da kake ta duka?"

"Da gangan ne."

"Tarin fa?"

Na sunkuyar da kai. Ya gyaɗa kai. Sannan ya ce, "Malam, ɗago ka dube ni." Na ɗago. Shekara biyar da auren 'yarsa, ranar na fara ganin idonsa sosai, kuma a cike yake da ruwa.

"Da na ɗebi mutane cikin mota a kan shaidarka. Mata da goyo." Ya saki hannun hagun a cinyarsa. "Kunya abu ne mai kyau. Amma ba a yi wa direba ita a kan hanya."

Na ce a yafe min, har da kalmar da na faɗa. Ya ce kalmar ce kaɗai gaskiyar da ya ji daga bakina tun zuwansa. Ya ciro wayarsa ya kira babban ɗansa, a gabana, ya ce a bar maganar layi, ya ci gaba da riƙe makulli. Bai yi wani bayani ba ya kashe. Ranar tuwo malmala ɗaya ma bai gama ba.

Ya ƙara kwana goma a gidanmu kafin a sallame shi daga gashi. Ban ƙara kunna na'urar ba, shi ma bai tambaya ba. Ranar komawa Gwaram yayan matata ya zo da bas ɗin har ƙofar gida. Baba ya fito da sandarsa, ya shafa gaban motar, ƙafarsa ta ɗauke shi kai tsaye zuwa ƙofar direba. Har ya ɗora hannu a kan marikin. Duk muka yi kamar ba mu gani ba. Ya tsaya kaɗan, ya sauke hannun, ya zagaya ta gaba a hankali. Na riga shi zuwa na buɗe masa ɗaya ƙofar, wadda bai taɓa shiga ta cikinta ba.

Ya zauna, ya gyara babbar rigarsa, ya dubi madubin gefe ya ce wa ɗansa a karkace yake. Na tsuguna a gindin taga ina masa Allah ya kiyaye hanya. Sai ya leƙo.

"Malam."

"Na'am, Baba."

"Fad ɗin nan na biyu, kar ka ba kowa. In na zo ganin likita wata mai zuwa, ɗan koyo zai biyo."

Na ce to, kaina a ƙasa. Yayan matata ya tayar da mota, Baba ya fara addu'ar hawa da ƙarfi, hannun hagunsa a kan gwiwa.