Saura Kaɗan da Akwatin Malama

Na san shi ne a shekarar da na ajiye aikin akawu a gidan waya, shekarar da aka kwashe tafiretocinmu aka jibge a sito. An ce takardun fansho sai an buga su da kwamfuta, ni kuwa yatsuna tafireta kaɗai suka sani. Aka kwatanta mini wani shago a ƙarƙashin matakalar bene, kusa da tashar mota. Shago ne da ba ka iya tsayawa a miƙe sai daga bakin ƙofa. Kana ƙara shiga rufin yana sauka, har ya kai inda kujerar mai aikin take. Can na same shi, dogon mutum a takure, wuyansa a karkace kamar mai sauraron bango.

Kowa a layin Saura Kaɗan yake kiransa. Duk wanda ya leƙo ya ce an gama aikinsa, amsar ɗaya ce, idonsa na kan allon kwamfuta: "Saura kaɗan." Shagon ba nasa ba ne, na yayan matarsa ne, wani mutum mai ƙaton ciki da ba ya zuwa sai lokacin rufewa. A gidan surukin nan yake zaune da iyalinsa, saboda haka ko tari zai yi sai ya duba fuskar mai gida. Ya taɓa gaya mini burinsa: shago nasa na kansa, mai taga. Na ce yaushe? Ya yi murmushi, ya ba ni amsar da na sani.

Ranar da na koma karɓar takarduna tare muka je da matata, wadda duk unguwa ke kira Malama saboda ta koyar da ɗinki da saƙa a makarantar 'yan mata. Muka tarar yana bugawa yana kuskure, yana gogewa. Malama ba ta iya ganin abu ta yi shiru.

"Ɗana, lafiya kake? Sai kuskure kake ta yi."

"Tsohuwata ce a asibiti, Mama. Ba mai zama da ita. Matata na jego."

"To me kake yi a nan?"

"Yaya ya ce shago ba ya rufuwa."

Ta tambayi ɗakin da aka kwantar da tsohuwar, ta ɗauki jakar saƙarta, ta tafi. Ba ta san matar ba, ba addininsu ɗaya ba, amma kullum da safe tana can har yamma, tana ba ta ruwa da cokali, tana juya ta. A hannunta tsohuwar ta cika, da rana tsaka, ɗanta yana ƙarƙashin matakala yana buga wa wani takardar haya. Bai taɓa yi wa Malama godiya da baki ba. Abin da na lura kawai, duk sanda ta wuce ta gaban shagon sai ya yunƙura ya miƙe, ya buga kansa da rufi.

Shekaru suka ja. Buga takardu ya ja baya, ya koma gyaran kwamfuta, a shagon nan dai, a kujerar nan. Gashinsa ya yi fari, wuyan bai miƙe ba. Mu kuma namu gidan ya tsuke. Mantuwa ta kama Malama. Da fari makulli take nema, daga baya sunayen jikoki, sannan wata safiya ta dube ni ta ce, "Malam, wa kake jira?" Ba a barinta ita kaɗai. Na daina zuwa majalisar tsofaffin ma'aikata, na daina zuwa aski, sai wanzami ya zo gida. Duniyata ta zama falo da ɗakin kwana da ɗan lungun da ke tsakaninsu.

'Yarmu, wadda ke aure a wata ƙasa mai nisa, ita ta saya mana kwamfuta ta tebur a zuwanta na ƙarshe, ta sa aka haɗa mana intanet. Wata rana ta kira ni da murna. Ta samo tsohon fim na makarantar mishan da uwarta ta yi, an ɗauki 'yan mata suna waƙa a bakin aji, uwarta na layin gaba. Ta ce in sauke shi a kwamfuta in nuna mata. Likita ya riga ya gaya mana cewa tsofaffin abubuwa su ne ke fita daga kai a ƙarshe. Ina so Malama ta ga yarinyar nan ta cikin fim tun tana da sauran abin da za ta gane ta da shi, kuma kwanakin da take wayewa garau suna ta raguwa a idona.

Na danna inda aka ce in danna. Wani koren layi ya fito, ya ɗan motsa, ya tsaya. A ƙasansa aka rubuta cewa saura kwana da kwanaki. Na zauna ina kallonsa kamar mai jiran jirgin ƙasa. Da yamma na kashe kwamfutar na lulluɓe ta, domin a makaranta an koya mana ba a barin kayan aiki a buɗe. Washegari layin ya koma farko. Haka muka yi ta yi, ni da shi, har mako ya kusa ƙarewa. Sai na aika wa Saura Kaɗan.

Ya zo a lokacin cin abincin rana, da jakar kayan gyara, yana duban agogo.

"Baba Akawu, kashe ta kake yi kullum?"

"Ita ba ta hutawa?"

"Kai ne ka yi ritaya, ita ba ta yi ba. Duk sanda ka kashe, abin da ta ɗebo zubewa yake."

Ya zauna. Ya rufe wasu abubuwa da ya ce suna shan intanet a ɓoye, ya duba ko wata cuta ta shiga kwamfutar, bai samu ba. Ya gwada saurin layin, ya yi tsaki. Ya kira kamfanin, suka ce daga wajensu lafiya lau. Sannan ya ciro wayarsa yana yawo da ita a falo, yana kallon 'yan sandunan da ke nuna ƙarfin sabis. A bakin kwamfuta sanda ɗaya ce, ita ma tana ɓacewa tana dawowa.

"Ina akwatin intanet ɗin? Ɗan ƙarami, mai ƙahoni biyu, yana ƙyafta wuta."

"Yana ɗaki, a kan akwatin Malama."

Muka shiga. Malama na zaune a bakin gado da ƙwallon zare a cinya. Akwatinta na ƙarfe, wanda ta je makarantar kwana da shi, yana gindin taga, an shimfiɗa masa farin mayafi na saƙa. Babu komai a kansa. Saura Kaɗan ya durƙusa, ya ɗaga gefen mayafin. Wayoyi biyu ne suka shiga ta inda murfin ya lanƙwashe. Ya buɗe a hankali. Ga abin nan kwance tsakanin zannuwanta, an naɗe shi da ɗankwali, ya yi zafi kamar ɗan jinjiri mai zazzaɓi.

"Baba, ka ga matsalar. Iskar da yake aikowa ba ta ratsa ƙarfe. Ɗan abin da ke fita ta wannan kafar shi kwamfutarka ke lasa."

Ya miƙa hannu zai ɗauko. Malama ta tashi da saurin da na daɗe ban gani ba, ta dafe murfin.

"Za a duba ɗaki. Duk wadda aka samu kayanta a waje, za ta share fili."

Na gane. A makarantarsu, kowace safiya sai uwar ɗakin kwana ta zaga, kuma komai na yarinya dole ya kasance cikin akwatinta. Can take yanzu. Na ce, "Bari in riƙe ta, ka cire." Ya girgiza kai.

"In ka cire yau, gobe ta mayar. Kuma ta kwana da tsoro." Ya juya gare ta. "Gaskiyarki, Mama. A bar shi. Ba wanda zai share fili."

Ya tafi, lokacinsa ya ƙare. Na zauna a lungu ina jin kamar bangon gidan ya ƙara matsowa.

Washegari ya dawo da abu biyu: doguwar waya shuɗiya, da wani mataccen akwatin intanet daga tarkacen shago, mai ƙahoni biyu shi ma. Ya jira har na kai Malama wanka. Ya ciro na gaskiyar, ya ɗora shi can saman kabad inda ba ta kaiwa, ya liƙe fitilunsa da baƙin salatif. Ya bi gindin bango da shuɗiyar wayar, yana kafa ta da ƙananan ƙusoshi, har bayan kwamfuta. Mataccen kuwa ya ajiye shi a kan farin mayafin. Da ta fito ta gan shi, ta yi ɗan tsaki, ta naɗe shi da ɗankwali, ta sa a akwati, ta rufe. Hankalinta ya kwanta.

Koren layin ya kama tafiya kamar an sakar masa mara. Na ce, "Yaya ake ciki?" Ya buɗe baki, muka haɗa ido, muka yi dariya tare.

Kafin shayin yamma ya huce fim ya sauka. Muka zaunar da ita a gaban allo. Ga 'yan mata cikin fararen riguna, hoton yana rawa. Ga ta nan a layin gaba, siririya, haɓa a sama. Na nuna da yatsa. Ta daɗe tana kallo.

"Wannan yarinyar ɗankwalinta ya karkace," ta ce.

Ba ta gane kanta ba. Amma da waƙar ta kai tsakiya, sai ta shiga da ƙaramar murya ta biyu, wadda aka ba ta a ƙungiyar waƙa tun tana yarinya, ba ta kuskure ko gaɓa ɗaya ba har ƙarshe. Saura Kaɗan yana tsaye a bakin ƙofa, a miƙe sosai, yana kallon ƙasa.

Da zai tafi ya ce irin wannan haɗin yana son a riƙa duba shi duk Laraba da rana, kuma aikin ba ya son ana tsaye a kansa, gara in fita in sha iska. Na ce Yaya fa? Ya ce, "Na gaya masa shago yana rufuwa."

Laraba ta farko na je aski, na biya ta majalisa, aka yi mini tsiya wai an ɗauka na mutu ban sanar ba. Haka aka ci gaba. Har yanzu yana ƙarƙashin matakalar nan, bai samu shago mai taga ba. Wata Laraba ruwa ya koro ni gida da wuri. Kwamfuta na lulluɓe yadda na bar ta da safe, ko taɓa ta ba a yi ba. Na leƙa ɗaki. Yana zaune a ƙasa kusa da akwatin, ya ware hannuwa biyu an zarga musu zare, Malama tana naɗewa. Kofin ruwa da cokali na gefensa.

"Ɗana, an kusa?" ta ce.

"Ba sauri, Mama," ya ce. "Naɗe a hankali."