Malam Markus, Mai Zane Kafin a Gama Gaisuwa

Duk mai bi ta Gyaɗi-Gyaɗi da sassafe ya san dattijon nan mai ƙaton tabarau da ke zama a ƙarshen bencin Ɗan'azumi mai shayi, allo a cinya, biro a hannu. Shayinsa kullum sai ya huce. Ba ya hira, mutane kawai yake kallo yana zane, har lokacin makaranta ya yi ya hau tsohon babur ɗinsa ya nufi Tarauni. Sunansa Malam Markus Jonathan, mutumin Kagoro, malamin zane, kuma a ƙarshen zangon nan zai ajiye alli bayan sama da shekara talatin. Na tambaya ko akwai shirin karrama shi, aka ce mini ana duba yiwuwar hakan. Mun san ma'anar wannan magana. Shi ya sa na ɗauki alƙalami, raina a ɓace.

Shi ma dai Malam ba ya taimakon masu son yabonsa. Mutum ne mai wuyar sha'ani. Ba a shiga ajinsa da abin goge rubutu, kuma babu ɗalibin da ya taɓa jin "ya yi kyau" daga bakinsa. In ka yi abin kirki ƙwarai, sai ya ce, "To, ƙara wani."

Ku tambayi Muhibbat Abdullateef ta Babban Giji, tsohuwar ɗalibarsa, wadda ba ta da buri sai zanen littattafan yara. Bara wani kamfanin ɗab'i ya gwada ta, ya dawo mata da zanenta, wai mutanenta kamar an sa musu sitaci an goge. Suka ce ta sake gwadawa sau ɗaya. A gida kuwa ta riga ta yi wa mahaifiyarta alkawari: in wannan bai yiwu ba, za ta haƙura da zane ta kama aiki a shagon maganin kawunta. Da wannan damuwar ta zo wajen Malam, tana zaton zai lallashe ta. Ya juya takardun ɗaya bayan ɗaya, fuska a murtuke.

"Daga ina kika kwafo waɗannan?"

"Ba kwafa na yi ba, Baba. Hotuna nake dubawa a waya."

"Na cikin hoto ai tsayawa ya yi a ɗauke shi. Kin taɓa ganin mutumin unguwar nan ya tsaya haka, hannu a gefe kamar soja? Kawo wayar."

Ya miƙa wa wata tela mai suna Saratu wayar ta ajiye, ya zaunar da Muhibbat a ƙofar shagon telar, tana fuskantar titi.

Malaman zane sun daɗe suna kuka da mutanenmu, wai ba ma zama wuri ɗaya. Ka zaunar da mutum za ka zana shi, wani ya gifta, sai ya miƙe gaisuwa. Malam Markus bai yi kuka ba, gaisuwar ya mayar aji. Dokarsa ita ce: da an yi sallama ka sa biro, da an ce "a gaida gida" ka ɗaga. Ba ruwansa da ido da hanci. Baya yake so, da gwiwa, da ƙafar da ta ɗauki nauyin jiki.

Muhibbat ta sha wuya, kuma ba ta ɓoye haushinta ba. "Baba, wannan ko lafiyar iyali bai tambaya ba ya wuce. Kansa kawai na zana."

"Wa ya aike ki wajen kai? Fara da baya."

Har ta koma addu'ar Allah ya haɗa tsofaffi biyu a gabanta, masu ya gajiya, ya yara, ya mai jiki, ya muka ji da zafi, ko ta samu ta kai ga ƙafa. Saratu ta ce wata rana yarinyar ta yayyage takardunta tana hawaye, ta ce gara shagon magani da wannan wulaƙanci. Malam bai ce mata ta yi haƙuri ba. Ya tsince takardun, ya miƙa mata sabuwa, ya nuna mata wasu magidanta da suka fara musabaha. Abin da Muhibbat ba ta lura da shi ba, Saratu ta lura: kullum aka tashi makaranta sai ya zo ya tsaya a bayanta cikin rana, ga ciwon gwiwa, ba wanda ya sa shi.

A hankali idonta ya buɗe. Ta gane tsugunnon suruki daban yake da na ɗalibi. Ta ga mai sauri yana gaisuwa ƙafarsa ɗaya ta riga ta kalli hanya, ta ga mai goyo ta danne mayafi da haɓa tana gyara majanyi, bakinta bai daina amsawa ba. Da ta kai wa kamfanin sabon zane, wanda ya karɓa ya daɗe yana kallo, ya ce, "Wallahi haka gwaggota ke durƙusawa." Suka ba ta littafin.

Da gudu ta zo da albishir. Kun san abin da mutumin nan ya ce? "To me kike yi a nan? Je ki yi aiki." Ta tafi tana ƙunƙuni. Ɗan'azumi ne ya tona masa asiri. Ya ce washegari Malam bai zana ko layi ɗaya ba. Duk wanda ya zauna a bencin, ya san shi bai san shi ba, sai ya faɗa masa, "'Yata ta samu littafi."

Malam Markus, uban masu zane na Tarauni, kai ne ka koya wa yaranmu kallon mutanensu kafin su kalli na cikin waya. Kai ne kake ba mu haushi da rowar yabo, alhali ba ka taɓa yi mana rowar lokacinka ba. Mun gode. Allah ya ƙara lafiya, ya ba ka hutu mai daɗi, in har ka san yadda ake hutawa.

Malamai masu tasowa, ku ɗauki halinsa na tsayawa a bayan ɗalibi har ya iya, murtuke fuskar kuwa ku bar masa kayansa. Ku kuma da kuka bi ta hannunsa, kada ku jira masu duba yiwuwa. Yana nan da ransa, kun san inda yake zama. Ku je ku faɗa masa a gabansa, ko da zai kore ku. Muhibbat ta je ta yi, ya kore ta, amma sai da ya cire tabarau ya goge ido tukuna.