Jar Kibiya a Jikin Dutse

Ƙafar mutum ce a wuyana, bakina cike da ƙasa, wani kuma ya ja hannuna na dama ya shimfiɗa a kan dutse. Ina kallo ana miƙo guduma daga hannu zuwa hannu, wadda ni kaina na wuni ina fasa dutse da ita.

"Da wannan ya zana? To riƙe min shi da kyau!"

Mai maganar ɗan wani tsoho ne da dutse ya rotsa wa kafaɗa. Ba a daɗe da ɗauke uban ba, jininsa ma bai bushe a bakin rami ba.

A wajen fasa dutse nake aiki lokacin, can bayan Jos Jarawa, shekarun da kuza ke tashe, kafin Turawa su tafi. Makaranta ban yi nisa ba na gudo. Na yi karen mota, na yi wankin kuza, ko'ina ƙafata ƙaiƙayi take. Abu ɗaya ya biyo ni daga aji, in na ga gawayi sai na yi zane.

Ga yadda ake tashin nakiya a wurinmu. Wani Bayarabe ne ke ɗura ta a ramin da aka huda. Ya gaya wa helma, shugaban leburori, helma ya ɗaga wa mai usur hannu, mai usur ya busa, kowa ya cika wandonsa da iska. Shi kuwa tsoho can ƙasan rami yake tara tsakuwa, kuma ƙarar nakiya ta daɗe da cinye masa kunne. Sai ya ga ƙafafu na gudu sannan ya bi.

Ran nan muna cin tuwon rana gardama ta tashi, wa ke gaya wa tsoho? Helma ya ce mai usur. Mai usur ya ce, "Oga, bakina ɗaya ne, kuma usur ke ciki."

Na ɗauki gawayi na nufi wani faffaɗan dutse. Kowane mutum na yi masa da'ira, na ɗora masa abin da za a gane shi, wannan hula, wancan usur, tsoho gemu. Duk wanda ke gaya wa wani magana, na ja kibiya daga kansa zuwa kan wancan.

"Ni ne wannan ƙwan?" in ji helma.

"Ai ya rage maka kai, oga," in ji mai usur. Aka kwashe da dariya.

Kowa kibiya ta same shi, ban da mai gemu. Na ce kun gani? Nan ne babu. Gawayina ya ƙare, sai na kwaɓa jar ƙasa da yawu, na ja kibiyar da ya kamata a ce akwai, har kan tsoho. Aka ce madalla, aka suɗe hannu, aka koma aiki. Ba wanda ya ce shi zai zama kibiyar.

Washegari aka tashi nakiya, tsoho na duƙe.

Da ɗansa ya dawo daga kai shi bakin titi, sai ya tsaya gaban zanen. Kibiyoyi duk baƙaƙe, guda ɗaya ja wur, ta caki mai gemu.

"Jifa ne! Wallahi jifa ya yi wa babana!"

Naushin farko a kunne ya same ni. Na faɗi, suka rufe ni da duka, har da waɗanda jiya suka yi dariya. Wani ya maka min kwanon ɗiban tsakuwa a baya. Ina ihu, "Yaya, magana ce! Kibiyar magana ce!"

"Maganar uwaka! Wa ya taɓa harbin mutum da magana?"

Bayarabe ya kutso yana ture mutane. "Ku bar ta! Yaro ba boka ba! Ita ya nuna hanya ne kawai!" Ya bangaji ɗan tsoho daidai lokacin da guduma ta sauko. Ta kuskure tsakiyar hannun, ta sami yatsu. Na ji ƙas, kamar an taka busasshen kara. Helma ya ce in ɓace kafin a ƙarasa ni. Ina tafe ina amai, na waiga na ga suna kankare dutsen da shebur.

Wani maɗori a Gada Biyu ya ɗaure min hannun. Yatsun sun warke a karkace, har yau ba sa riƙe gawayi.

Da na ji tsoho ya farfaɗo a asibiti, na sami tsingaro na yi zane da hagu, baki a nan, kunne a can, layi a tsakani, ba tsini. Na ba mai tuwonmu ta kai masa, na ce ta faɗa da ƙarfi a kunnensa:

"Baba, sannu da jiki. Abin da na zana ke nan, tsinin kibiya ne na sa masa mara kyau. In za ka koma rami, kar ka sauka sai wani ya dafa ƙirji ya ce shi ne bakin da zai gaya maka."