Mai Barci a Zaune

A dangi ana cewa wai Yaya Doguwa ta haifi 'ya'ya goma sha ɗaya cikin mako guda, lokacin yaƙi. Wasu ma sun kai su arba'in. Ƙarya ce tsagwaronta! Ko ɓari ba ta taɓa yi ba. Shara take yi a asibiti, a ɗakin da ake sa bakwaini cikin kwalba.

Da aka rufe hanyoyin gari, man janareta ya ƙare, kwalaben suka huce. Babbar nas ta tara ma'aikatan da ba su gudu ba, ta ce, "Duk mai ƙirji ya cire riga." Doguwa ta jingine tsintsiya. Aka manna mata jariri tsirara, fata da fata, aka ɗaure da zanen gado. Wanda ya yi ƙwari a kwance shi, a ɗaura mata wani. Haka har goma sha ɗaya.

Ta koyi jin numfashinsu da haƙarƙarinta. In bam ya tashi, zuciyarsu takan riga tata bugawa.

Jaririya ta tara mace ce, ba ta fi tafin hannu ba. Wata azahar gajiya ta ci Doguwa, ta ce bari ta ɗan miƙe a benci. Ta juya cikin barci, ɗaurin ya saki. Sanyi a ƙirji ne ya tashe ta.

Jaririyar ba ta rayu ba, amma ba wanda ya ce laifinta ne. Da aka kawo na goma ta ƙi karɓa. Nas ta ce, "Ke kaɗai ce ba ki da zazzaɓi. In kin ƙi, ba zai kai gobe ba." Ta karɓa. Kwana goma sha tara ta yi a kujera, bayanta jingine da bango. Ya rayu. Yau kafinta ne, ƙato, sai ya sunkuya yake shiga ƙofarta. Gado biyu ya ƙera mata. Kayan wanki take zubawa a kai.

Har gobe a zaune take barci, hannu ɗaya dafe da ƙirji.

Rannan ɗan gwaggonta, abokin wasanta, ya iske ta tana gyangyaɗi a kujera.

"Uwar arba'in! Ki kwanta mana, an gama yaƙi shekara talatin."

Ko ido ba ta buɗe ba.

"Kai da ka yi yaƙin a ƙarƙashin gado, ai ka kwanta wa dangi duka. Rage murya, kada ka tashi jaririyar."