Tsofaffin Tayoyin Motar Madam Rifkatu

Ku matso kusa, 'ya'yana, ku ajiye wayoyin nan ku ba ni kunnuwanku. Masu shara, masu wankin mota, masu kwance noti, har da ku na ofis, duk da ku nake. Abin da zan faɗa a kan idona ya faru, kuma da hannuna a ciki.

Har in koma ga Mahaliccina ba zan manta da wata Talata ba, cikin daminar ƙarshe da na yi a bakin aiki. Shekara goma sha tara na yi a kamfanin sayar da manyan motoci a nan Jos. Ni ce mai share falon da baƙi ke jira, ni ce mai kawo musu shayi. Mama Talatu ake ce da ni. Ban yi boko ba, amma wanda ya shekara sha tara yana goge tebur ana lissafi a kansa, ya san abin da takarda ta ƙunsa ko bai karanta ba.

Bari in fara da tsarin wurin, don wanda bai sani ba. Mota in ta zo gyara, babban makanike zai duba ta, ya rubuta abin da ya lalace. A kai wa manajan gyara, shi ya sa kuɗi. Ba a taɓa ko noti ɗaya sai mai mota ya sa hannu. In an gama, duk abin da aka cire, tsohon birki ne ko tsohuwar taya, a mayar wa mai shi a bayan motarsa, direba ya sa hannu ya karɓa. Tsohon kaya shi ne shaida cewa an canza, kuma ya isa canji. Sai doka ta ƙarshe, wadda ake karanta wa kowa ranar da aka ɗauke shi: ma'aikacin da ya karɓi wani abu na motar kwastoma, kyauta ko saye, kora ce, babu garatuti.

To, akwai wata baƙar jif ƙirar Jamus da ke zuwa mana daga unguwar Daɗin Kowa. Ta wani babban sakatare ce. Ya rasu ya bar wa matarsa, Madam Rifkatu, ita kuma ta ƙi sayarwa, ta ce ƙamshinsa na cikinta. Direban motar Malam Sale ne, mutumin unguwar Dilimi, inda ake kasuwar kayan mota, dogo, mara yawan magana. Shekara ashirin da biyu yana tuƙa mutanen gidan. Shi ya riƙa kai 'ya'yansu makaranta, shi ya tuƙo gawar mai gidan daga asibiti. In ya zo, ba ya zama a kujerun baƙi. Sai ya tsaya a ƙofa ya ce, "Mama, yau shayin na masu mota ne, ko direbobi ma suna da rabo?" In ce masa, "Malam Sale, ka taɓa ganin mota ta kawo kanta?" Ya yi dariya, in zuba masa.

A farkon daminar ya kawo motar, ya ce birki na kuka, sitiyari na rawa in ya taka. Aka duba, aka ce birkin gaba da baya sun cinye har sun ci faifan da suke matsewa, tayoyi huɗu kuma sun suɗe ta ciki. Da manajanmu, Oga Tunde, ya faɗi kuɗin, sai da Malam Sale ya cire hularsa ya mayar. Miliyan uku saura kaɗan. Taya ɗaya ta fi albashina na wata shida.

"Oga, mota za a gyara ko sabuwa za a saya?"

"Baba, wannan mota ba ya cin abincin talaka," in ji Oga Tunde da Hausarsa. "Kai ka sani."

Ya kai wa Madam takardar, ta sa hannu, ta biya. Kwana biyu aka gama.

A makon nan iskar farkon damina ta ɗage mini kwano biyu a ɗakina da ke bayan Tina Junction. Na ɗora duwatsu, suna gangarowa. Ranar da Malam Sale ya zo ɗaukar motar, na ga ana loda tsofaffin tayoyin nan a bayanta, manya, masu nauyi, irin waɗanda in an ɗora a rufi iska sai dai ta wuce. Na bi shi bakin get, na rage murya.

"Malam Sale, me Madam za ta yi da waɗannan?"

"Me kuwa? Su zauna a bayan gida su tara sauro."

Na gaya masa halin ɗakina. Na kuma gaya masa dokar kamfani, ban ɓoye ba. Ya ce, "Mama, ke ba ki karɓi komai ba. Ni ne zan bi ta wajenku in sauke shara." Da yamma na koma gida na tarar da su jingine a bango, huɗu cif. Maƙwabta suka taya ni ɗorawa. Na ga wayar ƙarfe ta leƙo ta gefen biyu daga ciki, har ta yanki ɗaya daga masu ɗorawar a hannu.

Bayan mako uku, ranar Talatar da nake faɗa muku, wajen ƙarfe goma na safe, jif ɗin ta shigo. Malam Sale na tuƙi, Madam a baya, a gaba kuma babban ɗanta, Pam, wanda ke aiki a Abuja. Ya zo addu'ar cika shekara da rasuwar mahaifinsa, ya ci karo da rasit a cikin jakar uwar. Da rasit ɗin a hannu ya shigo falo, bai yi gaisuwa ba.

Oga Tunde ya zaunar da su, ya ce in kawo shayi. Ina jera kofuna yana bayani, kuma gaskiya ya faɗa. Ya ce irin tayar motar nan ko ƙusa ta huda ta tana tafiya, shi ya sa motar ba ta da safaya, kuma daga waje ake kawo ta, da dala. Ya ce birkinta ba a canza shi shi kaɗai in faifai ya ciwu, ga wata waya a jikinsa mai kunna wuta a gaban direba, ita ma sabuwa ake sawa. Ga kuɗin aiki, ga na saita ƙafafu da kwamfuta.

Pam ya ce, "Na ji. Tsada halinku ce, ba yau kuka fara ba. Ni birkin motata dubu arba'in na gyara shi a bakin titi. Tambayata ɗaya: wa ya ce tayoyin sun mutu? Tun rasuwar Baba motar nan coci da kasuwa take zuwa."

Malam Sale na tsaye a ƙofa. Ya ce, "Da ƙauye, ranka ya daɗe. Duk wata muna zuwa gona, hanyar kuwa dutse ce."

"Ban tambaye ka ba tukuna, Baba Sale." Ya juya ga manaja. "A nuna mini tsofaffin."

Oga Tunde ya jawo fayil, ya nuna masa inda direba ya sa hannu ya karɓa. Ya rufe fayil ɗin, ya jingina da kujera. Daga wannan lokacin kamfani ya fita daga maganar.

"To, Baba Sale, yanzu na tambaye ka. Suna ina?"

"Na bayar."

"Wa ka ba?"

"Wanda ya fi mu bukatarsu."

"Nawa ya ba ka?"

Pam ya dubi uwarsa ya ce, "Mama, kin gani? Tayar da ta mutu ba mai saye. In an saya, to da sauran ranta. Ya kawo ki nan an yanke ki, ya karɓi kamasho, ya kuma kai tsofaffin Dilimi ya sayar. Sau biyu ya ci."

Madam ta ce, "Sale, don Allah ka faɗi sunan mutumin. Mu je mu gani da idonmu, magana ta ƙare."

'Ya'yana, ina tsaye tsakaninsu da buta a hannu. Tayoyin na kan ɗakina, tafiyar minti ashirin. Da an je an ga wayar nan da ta leƙo, ko yaro ya san sun gama aiki. Kalma uku ce a bakina: suna wurina, Madam. Amma saura wata bakwai in yi ritaya, garatutin shekara sha tara na jirana, ga Oga Tunde zaune, mutumin da ya kori mai gadi a kan tsohon batir. Na dubi Malam Sale. Shi bai dube ni ba. Bango ya duba, ya dubi takalminsa, ya dubi fanka, ko'ina ban da inda nake, don kada idonsa ya nuna ni.

Ya ce, "Madam, ban karɓi ko sisi ba. Allah ne shaidata. Sunan kuma ba zan faɗa ba."

Pam ya miƙa hannu. "Makulli."

Malam Sale ya ciro shi daga aljihu, ya goge da bakin rigarsa kamar yadda ya saba, ya ajiye a kan teburin da na goge da safen nan. Ya ce, "Madam, ki riƙa tuna wa duk wanda zai ja ta, sabon birki ne, kada ya taka da ƙarfi sai birkin ya zauna." Ya fita. Ni kuwa na tambayi Pam ko sukari biyu zan sa masa. Wannan ita ce maganar da ta fito daga bakina a ranar. Na kwashe kofuna na shige kicin, na buɗe famfo, ban fito ba sai da falon ya zama wayam.

Na sha gaya wa kaina cewa zan gyara. In an biya ni haƙƙina zan je in faɗa. Lahadi bayan Lahadi ina zaune a coci da wannan alkawari, ruwa na sauka a kan ɗakina ba ya ɗiga, ni kuma ba na jin daɗin barcin. Wata bakwai suka cika, aka yi mini liyafa, aka ba ni atamfa da agogon bango, Oga Tunde ya tashi ya ce a shekara sha tara ko cokali bai taɓa ɓata a hannun Mama Talatu ba. Aka tafa.

Ga abin da na koya, ku riƙe. Kuɗin gyaran babbar mota ba ya shiga kan wanda bai saba ba. In ya ji shi, sai ya nemi ɓarawo, kuma ba kamfani zai kama ba, don kamfani na da fayil. Wanda ke tsakani zai kama, direba ko ɗan aike, wanda ba shi da komai sai sunansa. Saboda haka tsohon ƙarfe da tsohuwar roba ba shara ba ne sai mai su ya gan su da idonsa. Kada ku roƙa, kada ku karɓa. In kuwa kun riga kun karɓa, ku yi magana a ranar, tun mutanen na zaune. Bayan wata bakwai gaskiyar tana nan, amma ba ta da sauran aikin yi.

Washegarin da kuɗina suka shigo na hau keke napep zuwa Daɗin Kowa. Na tarar ana ɗaure kaya. Na durƙusa na gaya wa Madam Rifkatu komai. Ta yi kuka, ta ce tun ranar zuciyarta ba ta yarda ba. Ta kira Pam a waya a gabana. Na ji yana cewa, "To Mama, me ya hana shi faɗa? Yanzu ai an sayar da motar." Haka ne kuwa. Sabon direban da suka ɗauka ya kai ta wani gareji an sa mata birkin da ba nata ba, wutar gaban direba ta ƙi mutuwa, Pam ya gaji ya sayar wa wani dillali a Kano. Madam tana Abuja yanzu wurin ɗanta, an ce ƙafa ta hana ta fita. Kafin in bar gidan ran nan ta ba ni ambulan in kai wa Malam Sale. Oga Tunde an yi masa ƙarin girma, an mayar da shi Legas. Har yau bai san komai ba, sai in ɗayanku ya kai masa.

Malam Sale bai sake tuƙa motar gidan kowa ba. Direbobin manya duk sun san juna, magana ta riga shi zuwa ko'ina: wanda ya sayar da tayoyin marigayi. Ya ja keken haya wata huɗu, hawan jini ya taɓa masa ido, ya ajiye. A Dilimi na same shi, a kan benci a shagon ƙanensa, yana auna baƙin mai a kwalba. Ya gane muryata tun kafin in ƙaraso.

"Mama Talatu! Yau shayin har gida?"

Na ba shi ambulan, ya sa a aljihu bai buɗe ba. Na fara magana, hawaye suka riga ni. Ya ce in zauna, ya aika a sayo mini lemo. Ya ce ya yafe tun a ranar, shi ya zaɓi shirunsa, ba ni na sa shi ba, kuma da na yi magana da mu biyu aka kora, tsofaffi biyu a titi maimakon ɗaya. Na ce ba haka ba ne, da na yi magana da shi ya tsira. Bai musa ba.

Sai da na tashi tafiya ya ce, "Abu ɗaya ne kawai, Mama. Ran nan da na fita, na tsaya a bakin get kusan rabin awa. Ba don ki zo ki tona kanki ba, wallahi. Na ɗauka za ki leƙo ki ce mini sannu."

Ya rasu bara, ana saura kwana uku Babbar Sallah. Na je gaisuwa na zauna cikin matan gidan har la'asar, ina ce wa kowace sannu.